Ƙota Ga Gatarin Babanmu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya halicci ƙarfe Ya ba shi kaifi, Ya halicci itace Ya ba shi haƙuri, sannan Ya halicci hannun ɗan Adam Ya sa masa iyaka. Ku gyara zama, ku da kuka taru, amma kada wanda ya ce in ɗaga murya. Ni ne Nomau ɗan Arzika, mutumin Zarmau, kuma na gaji. Gajiyar da nake faɗa muku ba ta yau ba ce, ba kuma irin wadda barci ke ɗaukewa ba ce. Tun da kun nace sai kun ji yadda aka yi namiji ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen yawon neman sanda guda, to ga shi nan.

Garinmu Zarmau yana can ƙarshen ƙasa, inda hanya ke ƙarewa. Gabas da shi akwai wata sarƙaƙiya da muke kira Rarrafau. Ƙaya ce, amma ba irin taku mai zama inda aka bar ta ba. Tamu tafiya take yi. Kullum garin Allah ya waye sai ka tarar ta matso, ba ta sauri, ba ta kuma hutawa. Saboda haka tun kaka da kakanni kowane gida na bakin gari yana da fagensa. Maza su sare, mata su ja abin da aka sare su ƙone, domin ko ɗan tsinkenta aka bari a ƙasa sai ya yi saiwa, ɗanye ne ko busasshe. Dokar gari kuwa ba sani ba sabo, Sarkin Sara ne ke tsare ta: gidan da Rarrafau ta taɓa bangonsa a cinna masa wuta, a baje shi, mutanensa su san inda suka nufa.

Ƙarfe bai taɓa yi mana wuya ba, maƙeranmu sun iya aikinsu. Ƙota ce masifarmu. Da can muna da kurmin ƙirya inda ake yanko ta. Sai aka yi wata shekarar masassara, gari duka ya kwanta, kafin a miƙe Rarrafau ta haɗiye kurmin. A shekarar ce muka binne Baba da Inna da matata a bayan ɗakin tsakar gida. Abin da ya rage mana na itace kuka ce da tumfafiya. Ka sassaƙa ƙota da safe, kafin azahar kanta ya dare biyu, ruwan gatarin ya yi nasa wuri.

Gidanmu ya rage ni da yayata Tasalla, wadda ta dawo gida bayan mutuwar mijinta. Ni ke sara da babban gatarin Baba, ita ke ja tana ƙonewa. Wata safiya na kai sara sai na ji ƙas! Ba ƙarar ƙaya ba ce. Ƙotar Baba ce, ƙiryar ƙarshe a gidan, ta tsage daga huda har wuya. Na samo ɗanyar fata na zauna ina naɗe ta, Yaya na tsaye a kaina.

Ta ce, "Kwance fatar nan, Nomau, kanka kake yaudara. Zare ruwan ka tafi da shi, ka nemo itacen da zai riƙe shi."

Na ce, "Fagen fa, Yaya?"

"Ga ƙaramin gatarin Inna na faskare."

"Haba Yaya! Mace da sara? Garin nan da baki za su cinye mu."

Ta ce, "Su yi ta yi. Ranar da wuta ta tashi a kan kabarin Baba, bakinsu ne zai kashe ta?"

Na rataya ruwan gatarin a wuya da igiya, na ce mata damina ɗaya zan yi. Ta ce, "Kai dai tafi." Ko zaure ba ta raka ni ba, don rana ta riga ta ɗaga, Rarrafau kuwa ba ta jiran a gama sallama.

Na yi yamma, na yi ta tafiya har takalmina ya cinye, kafin na isa Birnin Ƙawa. Wannan birni a kan wani ƙaton tafki aka gina shi, wanda ya daskare ya zama gishiri, ƙasa na ƙyalli har sai ka rufe ido. Abin da ya sa zuciyata ta yi tsalle shi ne kowane namiji a garin da gatari a kafaɗarsa, kamar yadda muke sa hula. Kasuwar ƙota kuwa ta fi garinmu girma. Ja, baƙa, mai zanen maciji, mai zoben tagulla, kowace sai sheƙi take yi. Na ce a raina, Nomau, wahala ta ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Wani mai rumfa, ƙato mai tumbi, ya tare ni da fara'a. Ya ce, "Baƙo, ka zo gida. Zaɓi wadda ta dace da fatarka."

Na zaɓi wata ja mai kauri, na sa ruwan Baba ya zauna daram. Na ce, "Maigida, ko zan gwada?"

Ya ce, "Gwada mana! Ɗora a kafaɗa ka taka mu gani."

Ni ban gane nufinsa ba. Na ga guntun gungumen da yake zama a kai, na ɗaga na sauke. Wallahi ƙotar nan ta ruguje a hannuna kamar karan dawa. Ashe cikinta duk totuwa ce, rini ne da mai a waje. Kasuwa ta yi tsit. Mata suka rufe ido da mayafi, wani dattijo ya yi ta salati. Sai daga baya na fahimci cewa a Birnin Ƙawa sara da gatari daidai yake da mutum ya tuɓe a bainar jama'a. Ba su da daji, ba su da abin sarewa, gatari ado ne kawai.

Aka ja ni gaban alƙali. Ya yanke a kulle ni har sai na koyi ɗa'a, a kuma bar mini mummunan ƙarfena a wuya don kowa ya san ko ni wane iri ne. Na gode masa a zuci. Suka sa ni a wani ɗaki mai ƙyaure sai ka ce na amarya, suka tokare da gungumen da suke taƙama da shi. Da rana ta take, masu gadi suka miƙe a inuwa, na tuna da irin itacen garin. Na jingina da ƙyauren kawai, ko ƙarfi ban sa ba. Ya buɗe, shi da matokarinsa, ba ko ƙara mai yawa. Na tsallake masu barci na kama hanya, ban ko yi gudu ba, don ƙafata ba ta da shi.

Daga nan na shiga yawo. Duk inda na tsaya tambayata ɗaya ce: ina ake samun ƙotar da ba ta karyewa? Wasu su yi dariya, wasu su ba ni ruwa. Daminar da na yi alkawari ta zo ta same ni a hanya, ta wuce. A ƙarshe wani fatake ya nuna mini arewa, ya ce in nemi Dajin Tama.

Tun daga nesa na ji dajin kafin in gan shi. Itatuwansa baƙaƙe ne wuluk, in iska ta kaɗa ganyensu sai ka ji kamar mata na wanke kwanuka. Mutanen wurin suka tarye ni da murna da ta fi ƙarfin baƙo ɗaya. Da ƙafa suke gaisawa, da ƙafa suke jan ƙofa. Ƙafafunsu kamar turame, dugadugansu sun yi tauri kamar kofato, amma hannayensu na lilo daga tsintsiya kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na ɗauka wata cuta ce ta ƙasar, kunya ta hana ni tambaya.

Na faɗi buƙatata. Babbansu a wurin aiki, wani dogo da ake kira Jatau Mai Shuri, ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne, ɗan'uwa." Ya sa wasu baƙi da suka riga ni zuwa suka goge mini reshe a kan dutse, suka sa masa ruwan Baba. Na kai wa wani kututture sara. Ƙotar nan ko gezau. Na ƙara, na ƙara, ko ɗan tabo babu. Kai, har rawa na yi a wurin, ni da ban taɓa rawa ba ko a bikina.

Jatau ya ce, "To, ka ɗan taya mu sara kwana biyu, ladan ƙota." Itacen dajin suke sayar wa maƙera, a narka shi kamar ƙarfe. Na ce ba komai. Kwana biyun nan su ne suka ci mini damina, suka ci rani, suka sake cin wata damina. Duk inda na juya akwai mai ƙafa a bayana, gudunsu kuwa ya fi na doki.

A nan na san abin da ban sani ba. Ƙotar nan ba ta shan komai na dukan. Duk saran da na kai, sai ta dawo mini da shi cif, ya bi tsintsiyar hannuna, ya hau gwiwar hannu, ya tsaya a haƙorana. Hannuna na dama ya kumbura. Da safe sai na sa na hagu na lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin su kama. Wata rana ina wannan aiki na ɗaga kai na dubi hannayen Jatau suna lilo. Ba cuta ba ce, su ma da can masu sara ne.

Gudu ba zai yiwu ba, kuma ba zan tafi in bar ruwan Baba ba, ga shi ya cije a cikin baƙar ƙotar, ba ya ko motsi. Na yi ta tunani har ranar da aka kai mu bakin kogi lodi, kwalekwalen fatake na ɗaure a gefe. Jatau ba abin da yake so a duniya kamar a yabi shurinsa. Na soke gatarin tsakanin duwatsu biyu, ƙeyarsa na kallon Jatau, bakinsa na kallon ruwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an ce shurinka na karya ƙashin bijimi. Na yarda. Amma ka fitar da ƙarfen nan daga ƙotarsa? Ina! Wannan sai mutanen da."

Ya ce, "Me ka ce?"

"Ba raini ba ne, ranka ya daɗe. Kowa da iyakarsa."

Ya ja da baya, ya zo ya narka wa tsinin ƙarfen dunduniya. Ruwan gatarin ya fita fit, ya faɗi a yashi dab da kwalekwale. Mutanensa suka ɗauki shewa. Na ruga kamar zan ɗauko masa, na sunkuce shi, na faɗa jirgin na yanke igiya. Suka bi gaɓa da gudu suna zagi, ƙasa na girgiza. Ga jirage birjik a gabansu, amma a cikinsu duka babu mai hannun riƙe filafili. Ni ma da hagu da haɓa na tuƙa, ina kuka, ban san ko na murna ba ne ko na ciwo.

Kogin ya yi ta tafiya da ni har ya gaji ya yar da ni a gindin Dutsen Iska. A wannan dutse iska ba ta taɓa tsayawa ba tun da aka halicce shi. Mutanen wurin 'yan kaɗan ne, a cikin ramuka suke zaune, in za su fita sai su ɗaura igiya a ƙugu su ɗaure a turke. Kowace bishiya a sunkuye take, ta miƙe ta koma, ta miƙe ta koma. Na hau da rarrafe. A can sama na tarar da wata tsohuwa 'yar ƙarama, ɗaure a turkenta, tana yi wa wani ɗan itace rauni da wuƙa. Inna Hakama sunanta.

Ta dubi abin da ke wuyana, ta matso da bakinta kunnena saboda iska. Ta ce, "Ɗan nan, ruwan nan maraya ne."

Muka sauka raminta, ta ba ni kunu, na ba ta labari duka. Na ce, "Inna, ƙotar da ba ta karyewa nake nema."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ai ka samu, ga shaidarta nan a hannunka. Ƙota tana shan duka ne don hannu ya huta. Ranar da ta ƙoshi ta karye, a sake wata. Tawa dai tana daɗewa kafin ta ƙoshi."

Ta nuna mini sirrin aikinta, wanda ba sirri ba ne, haƙuri ne tsagwaronsa. Itacen nan lanƙwasau suke ce masa. Iska ce ke wahalar da shi tun yana ƙarami har jijiyarsa ta koyi tanƙwaruwa ta dawo. Kowace shekara sai ta yanke shi kaɗan a wuri ɗaya, ya warke, ta sake yanka, har wurin ya yi ƙulli, jijiyoyin su murɗe da juna. Wannan ƙullin shi ne kan ƙota, in an huda shi ba ya darewa. Ba a yanka sai bayan kaka, in ruwan jikinsa ya sauka. Sannan a rataye shi da ɓawonsa a hayaƙin rami har shekara ta zagayo, a kankare, a shafe da man kaɗe.

Na ce, "Shekara, Inna? Yayata na can ita kaɗai da gatarin faskare! Ba ki da busassu ko kaɗan?"

Ta ce waɗanda ke akwai duk masu su sun karɓe. Na roƙe ta har na durƙusa. Ba ta yi musu ba, ta yanko mini ɗanye guda. Na shanya shi a rana, na huda, na sa ruwan. Ba a jima ba kansa ya wangame baki kamar kifi. Ta ɗauka ta sa a murhu.

To, na zauna. Ya ku jama'a, na sha ƙishi a hamada, na sha sara a Dajin Tama, amma babu abin da ya gajiyar da ni kamar zaman nan. Na ɗaura igiya a ƙugu, na koyi yi wa itace rauni da hannun hagu, ina gaya wa kaina na dama yana hutawa ne, zai warke. Kullum da asuba sai in ji ƙaramin gatarin nan na hannun Yaya a cikin kaina, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ranar da ban ji shi ba kuwa ta fi muni, sai in wuni ban ci abinci ba.

Da lokaci ya cika, Inna Hakama ta sauko da ƙotocin da muka rataya a hayaƙi. Muka kankare, muka shafe, suka yi ja kamar dabino. Ta ɗaure mini dami guda, iya abin da kaina zai ɗauka, ta zuba mini irin lanƙwasau a 'yar jakar fata. Ta ware wadda ta fi kowace kyau, ta gasa tsinin ruwan Baba har ya yi ja, ta huda kan da shi kansa, ya shiga yana hayaƙi ya zauna. Ita ta kai saran gwaji. Sautin da ya fito mai taushi ne, ba irin na Dajin Tama ba.

Saura yanke gindi. Al'adarsu, ana auna ƙota daga hammatar mai sara zuwa kan ɗan yatsansa na tsakiya, a yanke abin da ya yi saura. Na miƙa hannuna na dama. Ta kama tsintsiyar ta ɗan matsa, na cije leɓe. Ta saki.

Ta ce, "A gida a yanke."

Na ce, "Inna, ga hannun a gabanki."

"Na gani. A gida a yanke."

Na ce a raina tsufa ne, rigimar tsofaffi ba ta ƙarewa. Na yi mata godiya na ɗauki kaya.

Hanya biyu ce zuwa Zarmau. Doguwa tana cin wata shekarar, gajeriya kuwa ta Filin Gara take bi. Inna Hakama ta gargaɗe ni, amma wa zai ba ni wata shekara? Na shiga filin. Suri a wurin sun fi kuka tsawo, garar kuwa kowace ta kai babban yatsa. Ba su damu da nama ba, amma suna jin ƙamshin itace kamar yadda kuke jin na suya, kuma duk wanda ke ɗauke da shi sai sun hau shi. Na ji ƙasa na shuu a bayana, na waiga na ga fili na tafiya.

Na yi gudu iya ƙarfina, suka cim mini, suka fara hawa ƙafata. Ba shiri na zare ƙota guda na jefa nesa. Duk suka juya suka rufe ta. Da yake itacen ya sha hayaƙi ya yi tauri, ya ɗauke su lokaci mai tsawo, na sami tazara. Da suka sake cim mini, na sake jefawa. Abin baƙin cikin shi ne tun a kan dutse na riga na raba su a zuciyata, wannan ta gidan Korau ce, wannan ta gidan Maƙeri, wannan ta marayun Cindo. Haka na yi ta jifa da maƙwabtana ɗaya bayan ɗaya. Na fito daga filin nan ƙafafuna na jini, hannun hagu a sama riƙe da gatarin Baba, jakar iri a haƙorana. Damin da na yi shekara ina jira ya koma guda ɗaya.

Da hantsi na shiga Zarmau, na kusa rasa unguwarmu. Gidan Korau toka ne. Na marayun Cindo ma toka ne, Rarrafau na kwance a kai. Gidanmu kaɗai ya rage a layin, ya yi tsini cikin ƙaya. Na tsaya a ƙofar zaure, babu ƙyaure. Na shiga, na ɗaga kai, sama nake gani, babu azara ko ɗaya. Babu turmi, babu taɓarya. Gadon Inna babu, kujerar Baba babu, har itacen bakin rijiya an cire. Kaburbura uku ne kawai a share tas, an yayyafa musu ruwa. Sai na ji shi daga bayan bango, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na zagaya. Sarkin Sara na zaune a kan dutse da mutanensa, tukunyar garwashi a gabansu, suna jira. Ba mugunta ba ce, su ma duk sun rame. Tsakanin ƙaya da bangonmu bai fi taƙi guda ba. A cikin wannan ɗan tsukin wata tsohuwa ce mai furfura a durƙushe tana sara. Kafaɗunta sun yi faɗi kamar na namiji, hannayenta duk tabo. Ƙotar da ke jikin gatarinta na gane ta, muciyar Inna ce ta tuƙa tuwo, an naɗe ta da tsumma, ta riga ta tsage. Ashe duk itacen gidan a ƙota ya ƙare.

Na ce, "Yaya."

Ba ta juyo ba sai da ta ƙarasa reshen. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Damina ɗaya ke nan?"

Sarkin Sara ya miƙe da ƙyar ya ce, "Alhamdulillahi, mai gida ya dawo. Nomau, karɓi fagenka. Tasalla, matsa ki ba namiji wuri."

Ta matsa. Na shiga tsukin, na kama gatarin Baba da hannu biyu kamar yadda na saba, na ɗaga. Ya hau lafiya. Da ya zo sauka sai tsintsiyar hannuna ta saki, kamar ba a jikina take ba. Gatarin ya kuɓuce ya faɗi a ƙafar bango. Na ɗauka na sake, ya sake faɗuwa. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Na tsaya ina kallon hannun nan yana lilo, ga wani reshen Rarrafau na miƙe kai a hankali wajen bango. A lokacin na ji muryar tsohuwar nan ta kan dutse kamar tana bayana.

Na ce, "Yaya, ɗaga hannunki."

Ta ce, "Na me?"

"Ɗaga dai."

Na sa kan ƙotar a hammatarta, na bi da ita har kan ɗan yatsanta na tsakiya, na yi alama da farce. Wani daga cikin masu garwashi ya ce, "A'a, babban gatari ga mace?" Ban kula shi ba. Na dubi Sarkin Sara na ce, "Ranka ya daɗe, ara mini gizagonka." Ya daɗe yana kallon Yaya, yana kallon bangon. Sannan ya zare gizagon daga ɗamararsa, ya durƙusa, shi da kansa ya yanke gindin a kan alamata.

Yaya ta karɓa, ta jinjina, ta kai sara ɗaya. Reshen nan mai kaurin cinya ya faɗi. Ta tsaya tana duban tafin hannunta. Ta ce, "Nomau, ba ta cizo." Sai hawaye. Ta ce, "Na gaji, ƙanena. Wallahi na gaji." Tana faɗa tana sara. Ni kuwa na sunkuya na kama abin da ta sare da hannun hagu, na ja zuwa wurin ƙonawa, na roƙi masu garwashi su ba ni wutar da suka kawo don gidanmu. Kafin la'asar taƙi ya zama kamu, kafin rana ta yi ja mutum na iya kwanciya tsakanin ƙaya da bango. Sarkin Sara ya ɗauki tukunyarsa ya tafi.

Da muka shiga gida na ga tana dama gari a ruwan sanyi da yatsa. Ta ce tun ranar da muciya ta tafi fage ba ta ci tuwo ba. Na dubi guntun da aka yanke daga gindin ƙota, wanda na soke a ɗamara ban san dalili ba. Na ce ta zauna. Na hura wuta, na ɗora tukunya, na riƙe ta da gwiwoyina, na tuƙa da hagu da guntun nan. Tuwon duk gudaji ne, ƙasansa ya kama. Ta cinye tas, ba ta ce ya yi daɗi ba, ba ta ce bai yi ba. Barci ya ɗauke ta a zaune, ta jingina da bangon da babu rufi, hannunta a kan ƙotar.

Irin lanƙwasau kuwa a cikin ɗakunan na shuka shi. Tun da babu ƙyaure babu azara, iska na shiga ta inda ta ga dama, ita ke tanƙwara mini su, ni kuma ina yi musu rauni da hagu. Waɗanda kuka gani a hayaƙi da kuka shigo, su ne na fari. Kada wanda ya roƙe ni ɗanye, ba zan bayar ba.

A nan hikayata ta sauke kayanta, abin da na manta Allah Ya san shi. Ku tashi haka nan, ku ba ni wuri. Ga inuwa ta kai bakin rijiya, Yaya na gab da dawowa daga fage, ni kuwa ban ɗora tukunya ba.